Matuƙan teku a tsakiyar Kanada: fashin baƙi kan ƙungiyar rawar 'yan Filifin ta Winnipeg

Mutum biyu ne za su durƙusa suna fuskantar juna, kowa ya riƙe bakin wasu dogayen sandunan gora guda biyu. Ƙarƙashin gorar an ajiye guntun katako a kowane gefe, don kada yatsun masu riƙon su daku da ƙasa. Da kiɗa ya tashi sai su buga gorar a kan katakon sau biyu tana buɗe, a bugu na uku su haɗe ta da ƙarfi, ƙwas! Cikin bugu biyun farkon nan ne mai rawa zai jefa ƙafarsa ba takalmi a tsakanin sandunan, ya kuma zare ta kafin na uku. Wanda ya yi nawa ko da na ƙiftawar ido ne, idon sawunsa zai ba da labari. Kiɗan kuma ba ya zama a taki ɗaya, ƙara wuta yake yi har sai 'yan kallo sun miƙe suna tafi.

Sunan wannan rawa tinikling. Asalinta tsibirin Leyte ne a ƙasar Filifin, kuma kwaikwayo ce ta wani tsuntsun fadama mai suna tikling, yadda yake ɗaga dogayen ƙafafunsa yana kauce wa tarkon manoman shinkafa. Amma inda nake son mu leƙa ba gonar shinkafa ba ce. Birnin Winnipeg ne, hedikwatar lardin Manitoba, a tsakiyar Kanada, inda sanyin watan Janairu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. A can akwai wata ƙungiyar rawa da kiɗa ta 'yan Filifin mai suna Magdaragat, wadda marigayi Dante Buenaventura ya kafa a 1976. Kalmar a harshen Tagalog tana nufin mutumin teku, wanda jirgin ruwa ne rayuwarsa. Sunan yana ba ni dariya, domin daga Winnipeg sai ka yi ɗaruruwan kilomitoci kafin ka ga ruwan gishiri. Sai dai in ka ji yadda mutanen suka zo, za ka ce sun iya raɗa suna.

Har farkon shekarun 1960 ƙofar Kanada a buɗe take ga Turawa, a kusan rufe ga sauran jama'a. A 1962 aka cire yawancin sharuɗɗan launin fata daga dokar shige da fice, a 1967 kuma aka kawo tsarin ba da maki, inda ake duba ilimi, sana'a da jin Turanci ko Faransanci. Wannan ya yi wa 'yan Filifin daidai, don Amurka ta mulke su daga 1898 zuwa 1946, ta bar musu makarantun Turanci da na koyon aikin jinya. Na farkon da suka sauka Winnipeg a ƙarshen shekarun 1950 ma'aikatan jinya ne da likitoci. Daga 1968 sai kamfanonin ɗinkin tufafi na birnin suka shiga ɗauko mata teloli daga Manila rukuni-rukuni. Waɗannan matan su ne ƙashin bayan al'ummar: kowacce in ta zauna da gindinta sai ta ɗauko miji, ta ɗauko ƙanne, ta ɗauko iyaye. A 1972 shugaban ƙasa Ferdinand Marcos ya ƙaƙaba dokar soja a Filifin, a 1974 gwamnatinsa ta mai da tura ma'aikata ƙasashen waje wata hanyar samun kuɗin shiga. Guguwar nan ce ta kawo malamai da likitocin Filifin makarantun sakandare da asibitocin arewacin Nijeriya a wancan zamani, ita ce kuma ta sa duk wanda ya kwanta asibiti a Jidda ko Riyad zai yi wuya bai haɗu da nas 'yar Filifin ba.

To lissafa da kanka. Yaran da aka haifa wa waɗancan teloli da nas-nas sun isa shiga makaranta a tsakiyar shekarun 1970. Suna dawowa gida da Turanci a baki, ba su taɓa ganin bishiyar kwakwa ba, kakanninsu kuma sai a hoto. A daidai wannan gaɓa aka kafa Magdaragat. Ba ita kaɗai ba ce, ba kuma ita ce ta fari ba: a Toronto an kafa Fiesta Filipina tun 1966, a San Diego ta Amurka an kafa PASACAT a 1970. Ciwon ɗaya ne ko'ina, maganin ma ɗaya aka nema.

Abin da ya bambanta Winnipeg shi ne ta riga ta tanadi filin da za a taka rawar. A 1970, lokacin bikin cikar Manitoba shekara 100, aka fara wani bikin al'adu mai suna Folklorama, wanda har yau ake yi mako biyu a cikin watan Agusta. Shekara guda bayan haka Firayim Minista Pierre Trudeau ya ayyana manufar cewa Kanada ƙasa ce ta al'adu da yawa, gwamnati kuma ta fara tallafa wa ƙungiyoyin al'ummomi. Tsarin Folklorama shi ne kowace al'umma ta kafa rumfarta na mako guda. Ana ce mata rumfa ne kawai, amma a zahiri zauren makaranta ne ko na coci ko cibiyar unguwa. Rumfunan kan kai arba'in ko su ɗara, daga ta 'yan Yukiren zuwa ta 'yan Indiya, kuma masu aikin sa-kai ne ke ɗauke da su. Baƙo zai sayi tikiti, ya ci abinci, ya zaga ya ga kayan tarihi, ya kalli wasan da bai kai awa guda ba, a fitar da su a shigo da wasu. Magdaragat ce ke riƙe da rumfar da ake kira Pearl of the Orient, wato lu'ulu'un gabas, kirarin da ke cikin taken ƙasar Filifin.

Mako gudan nan shi duniya ke gani. Sauran makonni hamsin da ɗaya su ne ainihin ƙungiyar, kuma a nan duk irin waɗannan ƙungiyoyi kamarsu ɗaya. Gwaji ake yi a ƙarshen mako, an raba yara gwargwadon shekaru, iyaye sun tuƙo mota cikin dusar ƙanƙara sun zauna a bayan zaure da kulolin abinci, taliyar pancit da naɗin lumpia. Yaro ba ya kiran babba da sunansa gatsau: duk macen da ta isa ta haife shi tita ce, namiji tito, wadda ta girme shi kaɗan ate, namiji kuya. Yaron da ba ya iya haɗa jimla ɗaya da Tagalog, waɗannan kalmomi huɗu ba sa kuɓuce masa. Kayan rawa kuwa, a garin da al'umma ta kafu da allura da keken ɗinki, ba a rasa mai ɗinkawa. Gora ce matsala. Iskar cikin gidajen Kanada a lokacin sanyi a bushe take ƙamas saboda na'urar ɗumama ɗaki, tana tsaga gora kamar yadda hunturu ke tsaga leɓe, shi ya sa wurare da dama ake gwaji da bututun roba a adana gorar gaske don ranar wasa. Tsakanin Agusta da Agusta kuma ga bukukuwan aure, ga bikin cikar 'yan mata shekara 18 da suke kira debut, ga ranar 'yancin kai ta 12 ga Yuni, ga watan Yuni ɗungurungum da majalisar Kanada ta amince a 2018 ya zama watan tunawa da al'adun 'yan Filifin.

Yanzu ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Rawar da yaran nan ke takawa, daga ina ta fito? Mai kallo zai ɗauka kaka ce ta zo da ita daga ƙauye a cikin kanta. Da wuya. Yawancin iyayen da suka yi hijira ba su taɓa yin waɗannan raye-raye a dandalin ƙauye ba. Wanda ya san tinikling a cikinsu, a darasin motsa jiki na firamare ya koye ta. Dalili kuwa wata mace ce, Francisca Reyes-Aquino, malamar motsa jiki a Jami'ar Filifin, wadda tun shekarun 1920 ta fara bin ƙauyuka tana rubuta raye-rayen da take tsoron kiɗan Amurka zai haɗiye. Ta rubuta kowane taki da lissafinsa, ɗaya-biyu-uku, ta buga littattafai, aka sa su a manhajar makarantu. A 1973 gwamnati ta ba ta lambar gwanar ƙasa a fannin rawa. Wato tun kafin rawar ta hau jirgin sama, ta riga ta bi ta cikin aji an daidaita mata sahu.

Mataki na biyu shi ne Bayanihan, ƙungiyar da Helena Benitez ta kafa a Jami'ar Mata ta Filifin da ke Manila a 1957. Ma'anar sunan kusan aikin gayya ne: maƙwabta su taru su ɗaga gidan gora sukutum a kafaɗa su kai shi sabon fili. Mai tsara rawarta Lucrecia Reyes-Urtula ce, mai kula da kiɗa Lucrecia Kasilag. A 1958 suka je baje kolin duniya na Brussels suka burge jama'a, suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, a 1959 suka hau dandamalin Broadway a New York. Ƙasar da ba ta fi shekara goma sha biyu da samun 'yanci ba ta sami fuskar da za ta nuna wa duniya. Amma don a burge Bature mai tikiti dole a taƙaita, a ƙara sauri, a ƙara ado. Rawar da ake kwana ana yi a wajen biki ta koma ta minti huɗu. Sannan ƙasa mai tsibirai sama da 7,000 da harsuna fiye da 150 aka yanka ta babi biyar.

Akwai babin mutanen tsaunukan Cordillera na arewa, inda maza ke fitowa da bante suna buga faifan tagulla, mata kuma su jera tukwane a ka har bakwai ko takwas a rawar banga ta ƙabilar Kalinga. Mace Bahaushiya da ta saba ɗaukar tulu ba ganwo za ta ce ba wani abin mamaki, har sai ta ga ana juyi da su. Akwai babin zamanin Sifaniyawa, waɗanda suka mulki ƙasar daga 1565 zuwa 1898, ana kiransa Maria Clara, sunan wata budurwa a littafin José Rizal na 1887. Nan ne ake sa riga barong ta zaren ganyen abarba, ana kwarkwasa da mafici da hankici. Akwai babin ƙananan ƙabilun Mindanao, babban tsibirin kudancin ƙasar, akwai na Musulmi, sai a rufe da na karkara, wanda tinikling ke zama cikamakinsa. Wannan jeri, da ɗan canji nan da can, shi za ka tarar a Winnipeg, a Landan, a Dubai, da daren al'adu na ɗaliban Filifin a jami'o'in Kalifoniya. Tsofaffin 'yan rawar Manila da suka yi hijira sun tafi da shi, faya-fayan garmaho da kaset na bidiyo suka ƙarasa aikin, yanzu kuma YouTube.

Ban ga laifin masu ƙaura da suka rungume shi ba. A gida mutum Ilokano ne ko Bisaya ko Kapampangan, kowa da harshensa da abin da yake faɗa a kan ɗan'uwansa. Sai an fita waje ake zama ɗan Filifin, kamar yadda Bakano da Bakatsine da Bazazzagi ke zama Hausawa kawai in sun haɗu a zangon Kumasi. Ƙungiyar da ta tara yaran dukkan waɗannan tana bukatar shirin da ba na kowa ba ne kuma na kowa ne. Tsarin Bayanihan ya ba su wannan, ga shi kuma ya yi daidai da mintunan da Folklorama ke bayarwa kafin a share teburi.

Inda gizo ke saƙar shi ne babin Musulmi. Musulunci ya riga Kiristanci isa waɗannan tsibirai. Ana danganta masallacin farko da Shehu Karimul Makhdum a tsibirin Simunul a 1380, kuma an yi daulolin sarakunan Sulu da Maguindanao da Sifaniyawa suka shafe ƙarnoni suna yaƙa ba su gama da su ba. Sifaniyawan ne suka laƙaba wa Musulmin suna Moro, sunan da suke kiran Musulmin Andalus da na arewacin Afirka. A yau Musulmi wajen kashi 6 cikin 100 ne na ƙasar, Katolika kuwa kusan kashi 80, kuma yawancin masu rawa a ƙungiyoyin ƙetare 'ya'yan Katolika ne daga tsibirin Luzon da tsibiran tsakiya, waɗanda ko iyayensu ba su taɓa taka Mindanao ba. Amma rawar da ta fi kowace ƙayatarwa a shirinsu, wadda ake sawa a jikin fosta, kowace yarinya ke mafarkin a ba ta, ita ce singkil ta mutanen Maranao na gaɓar tafkin Lanao.

Ga yadda ake yin ta a dandamali. An gicciya gora huɗu, biyu a kan biyu, ana bugawa. Gimbiya ta shigo fuska a ɗaure, haɓa a sama, mafici a kowane hannu tana kaɗawa, ƙafarta na ratsa gorar ba ta ko kallon ƙasa. Baiwa na biye da ita da laima. Can sai yarima ya faɗo da takobi da garkuwa. A gefe ana buga kulintang, wasu tasoshin tagulla guda takwas da aka kife a jere, kowace da ƙullutu a tsakiya. An ce labarin daga Darangen ne, doguwar waƙar tarihin Maranao da UNESCO ta karrama a 2005, inda gimbiya Gandingan ke kauce wa itatuwa da duwatsu lokacin girgizar ƙasa. Abin da ba a cika faɗa wa 'yan kallo ba shi ne a wurin Maranao rawar ta mata ce, sunanta ma daga abin adon da ake ɗaurawa a idon sawu ya samo asali, yarima da takobinsa kuwa ƙarin masu tsara wasa ne na Manila. Wasu ƙungiyoyin har sukan sa wa gimbiyar kayan da ke barin ciki a waje, irin na finafinan Turawa a kan Larabawa, shigar da mace Bamaranawa mai mutunci ba za ta yi ba. Sunan babin ma kansa akwai gyara. Raye-rayen na ƙabilu ne, Maranao da Maguindanao da Tausug da Yakan, da yawansu sun girmi zuwan addinin. Kiran su rawar Musulmi tamkar a ɗauki Koroso a kai Turai a ce ga rawar Musulunci.

Sai kuma maglalatik, wadda ke cikin babin karkara, inda samari ke ɗaura ƙoƙon kwakwa a ƙirji da baya da cinya suna ƙwanƙwasawa. Yara na son ta saboda hayaniya. Asalinta garin Biñan ne, kuma kwaikwayon faɗa ce tsakanin Moro masu jan wando da Kirista masu shuɗi. A ƙasar da rikicin Mindanao ya ci dubban rayuka tun shekarun 1970, aka ragargaza birnin Marawi na Maranao ɗin nan a yaƙin 2017, sai a 2019 aka kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa, mutum na da damar ya tambaya: yaya mutanen da ake ɗari-ɗari da su a Manila in sun zo neman hayar ɗaki, rawarsu ce ake tutiya da ita a ƙasar waje? 'Yan Cordillera ma suna da irin wannan ƙorafi, su da aka kwashi kakanninsu aka baje kolinsu kamar dabbobi a St. Louis ta Amurka a 1904.

'Yan Filifin da kansu ne suka fara tayar da wannan magana, kuma ta yi tasiri. Ramon Obusan, wanda ya yi rawa a Bayanihan, ya fita ya kafa tasa ƙungiyar a 1972 yana ƙoƙarin nuna raye-rayen kusa da yadda masu su ke yi. Ligaya Fernando-Amilbangsa ta ƙarar da rayuwarta a kan pangalay ta tsibiran Sulu, rawar da hannu da yatsu ke yin magana, har ta sami lambar Ramon Magsaysay a 2015. Danongan Kalanduyan, ɗan Maguindanao, ya zauna a Amurka yana koyar da kulintang na asali, gwamnatin Amurka ta karrama shi a 1995. A San Francisco ƙungiyar Parangal, da aka kafa a 2008, ta ɗauki al'adar zuwa wurin masu rawar ta koya daga bakinsu, ta nemi izini, ta ambaci sunansu a dandamali. Ƙungiyoyi da dama yanzu sun daina cewa babin Musulmi, suna cewa na Mindanao ko su kira ƙabilar da sunanta. Tafiya Mindanao kuwa kuɗi ce, ƙungiyar da ke tara na haya da sayar da tikitin liyafa ba kullum za ta iya ba, don haka gyaran yana tafiya ne a hankali.

Ni dai a ganina masu sukar suna da gaskiya a kan singkil, amma sukan wuce gona da iri in suka ce duk abin jabu ne. Tsarin da aka yi shekara sittin da ɗoriya ana takawa, uwa ta koya wa 'ya, 'yar ta koya wa jika, ya riga ya zama al'adar wasu mutane, ko da ba ta ƙauyen Leyte ba ce. Al'adar 'yan Filifin na Winnipeg ce. Su kuwa yanzu ba 'yan tsiraru ba ne: ƙidayar 2021 ta nuna sun haura 80,000 a birnin, fiye da mutum ɗaya cikin goma, Tagalog kuma ya zarce Faransanci a matsayin harshen uwa na biyu. Daga cikinsu aka sami Conrad Santos a majalisar lardi a 1981, da Rey Pagtakhan a majalisar tarayya a 1988. Shirin da Manitoba ta fara a 1998 na zaɓo ma'aikata da kanta ya kawo sabon ayari, waɗanda suka taso a Filifin ta zamanin intanet da kiɗan Koriya. Da yawansu sai a zauren wata makaranta a Kanada suke fara ganin singkil ido da ido, yaran da ke yi musu ita kuma in an sauko daga dandamali da Turanci za su gaishe su.

Rawa ba ta riƙe harshe, wannan kam a fili yake. Abin da take riƙewa shi ne yaran kansu, a ɗaki ɗaya, kowace Asabar, shekara da shekaru, har wasu su auri juna su kawo nasu 'ya'yan. Da annobar korona ta sa aka soke Folklorama a 2020, abin da aka rasa ya fi mako guda na wasa.

Akwai wata rawa da ake kira pandanggo sa ilaw, daga tsibirin Lubang, wadda mace ke ɗora fitila ɗaya a ka, biyu a bayan hannuwa, tana juyi a cikin duhu. A da fitilar mai ce irin aci-bal-bal, daga baya aka koma kyandir a cikin kofin gilashi. A zaurukan ƙasashen Turawa dokar kashe gobara takan hana kunna wuta, don haka sau da yawa ƙaramar fitila mai batir ake sakawa a kofin. Kofin dai na gilashi ne, in ya faɗo fashewa zai yi, kuma yarinya kan yi watanni tana yawo da shi a ka a falon gidansu kafin tita mai koyarwa ta yarda ta sa ta a layin gaba.